'Yan Wasan da Na Riƙe Masa

A kan taga maigidana ya bar babbar wayarsa, kife, kusa da kwalbar man shafawar yarinya. Haka yake yi duk ranar da zai je gona. A ƙasarmu wanda zai nufi bakin daji ba ya ɗaukar waya mai tsada, don in an haɗu da mutanen nan masu garkuwa ita suke fara karɓa, su duba hotuna su ga ko kai wani ne. Sai ya sa ƙaramar mai tocila a aljihu, ya ɗaure fartanya a bayan babur, ya ce, "Uwargida, sai la'asar."

Ni ban yi boko mai nisa ba. Aji huɗu na tsaya a firamare, sai Islamiyya. Rubutun nan ma a hankali nake yin sa, in yara sun yi barcin rana. Amma Allah ya ba ni lura. Na san yadda yatsansa ke zagayawa a fuskar wayar in zai buɗe ta, ko da yake bai taɓa koya mini ba. Na san kukan baburinsa tun daga kwanar masallaci. Kuma na san wasansu, duk da ban taɓa taka wurin da ake yin sa ba.

Su goma sha biyu ne, 'yan majalisar wani shagon tela da ke kusa da gidan kallon ƙwallo a Magajin Gari. Ba buga ƙwallo suke yi ba, kuma ba caca ba ce, sisi ba ya shiga ciki. Sai da na tabbatar da wannan kafin hankalina ya kwanta. Kowannensu yana da mutum sha ɗaya cikin 'yan wasan Turai da ake nunawa a talabijin, nasa ne a baki kawai. In ɗan wasanka ya ci ƙwallo can, kai a nan ka samu maki. In bai buga ba, ba ka da komai. Telan shi ne shugaba, Ciyaman suke ce masa, shi ke haɗa makin ya turo a guruf ɗinsu na waya kowace Litinin. In kakar wasa ta ƙare, wanda ya zo na ƙarshe zai wanke wa na ɗaya babur a bakin titi, ana yi masa ihu.

Babbar dokarsu ita ce riƙo. Kafin a fara sabuwar kaka akwai wata Juma'a da suke taruwa bayan la'asar. Kowa zai faɗa da bakinsa mutum uku da zai riƙe cikin nasa. Sauran takwas a rubuta sunayensu a 'yan takardu, a zuba a wani kwandon kaba da ke rataye a shagon, a sake zaɓe daga farko.

Maigidana yana da wani ɗan wasan gaba, dogo, baƙi irin namu, da bai taɓa sakin sa ba. "Mutumina" yake ce masa. Ya ɗauke shi ne a shekarar da muka gudo daga ƙauyenmu na gaba da Dogon Dawa, muka kama ɗaki ɗaya a cikin gari. Lokacin ba wanda ya san ɗan wasan, a wata ƙaramar ƙungiya yake, har dariya aka yi masa da ya zaɓe shi. Sai ga shi yana ci, yana ci. Shekara huɗu yana riƙe da shi. Ranar da mutuminsa ya ci ƙwallo, tun daga zaure nake ganewa, don sallamarsa ma daban take fita, kuma da ledar awara a hannu.

Farkon damina, lokacin da ake hutun wasa ƙungiyoyi suna cinikin 'yan wasa, ya shigo da hantsi ina tsintar wake a faifai. Ya zauna a turmi, ya cire hula.

"Uwargida, an sayar da mutumina."

"Wa ya saya?"

"Babbar ƙungiya. Cikin manyan can."

Na ce, "To ai ci gaba ne. Sai ka ce masa barka."

"Ci gabansa ne, ni kuma faɗuwata."

Ya jawo faifan gabansa, ya ware 'yan ƙwayoyi gefe guda, ya sa wata babba a gabansu. "Kin ga nan tsohon gidansa. Shi ne babba. Duk wanda ya samu ƙwallo shi yake nema, fanareti shi ke bugawa, ko gurgunta yake yi sai an sa shi." Ya ɗauki ƙwayar ya jefa ta cikin tulin waken. "Nan kuma sabon gida. Akwai biyu a gabansa da suka fi shi suna. Zai zauna a benci cikin rigar sanyi yana tafa wa wasu."

"Ƙafarsa ta canza ne?"

"Ƙafa tana nan yadda take. Wuri ne ya canza."

Na duba cikin waken ban ƙara gane ƙwayar ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne ƙauyenmu. Can rumbu uku gare shi, dattawa ma wurinsa suke zuwa tambayar irin dawa. A gari kuwa acaɓa yake yi tsakanin kasuwa da tasha, yaran da ba su kai ƙanensa ba suna daga masa hannu suna cewa, "Kai, mai babur!" Ina jin shi ma abin da ya tuna ke nan, don ya daɗe yana kallon faifan.

Sai wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga wani mai faci da ke bakin tasha, abokin tsokanarsa a guruf. Ya kunna.

"Ina mai mutumi? Ka aika masa da bargo, an ce bencin can akwai sanyi. Ba ni shi in ba ka golana na biyu, sadaka na yi maka, ba don halinka ba."

Maigidana ya danna ya ce, "Je ka ka lallaɓa tayoyin mutane. Kai da ƙungiyarka duk iska take fita ta ko'ina."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Na tambaye shi to zai sake shi ne ranar riƙo. Ya ce akwai wani matashin ɗan gaba a cikin nasa, wanda aka sayar da babban da ke gabansa, yanzu wuri ya buɗe masa, hankali ya ce shi za a riƙe. Sai ya mayar da hularsa ya ce, "Amma sai na yi tunani. Da sauran lokaci."

Ranar Talata ce, lokacin maimai, wato noma na biyu. Gonar aro ce a bakin daji ta wajen Saminaka, su huɗu ne masu gonaki a jere. La'asar ta yi, na ji babur ya wuce, ba nasa ba ne. Wani ya wuce, ba nasa ba ne. Na goya jaririnmu na fita ƙofa na dawo, na sake fita. Kafin magariba sai ga wansa, wanda muke ce wa Yaya, ya shigo ba sallama, riƙe da fartanya da kwanon abincin da na zuba masa da safe. Ko buɗe shi ba a yi ba.

Mutanen nan sun kwashe su duka huɗun. Wayar Yaya suka riƙa kira. Abin da suka nema da abin da dangi suka iya haɗawa ba zan sa shi a rubutun nan ba. Bayan 'yan makonni aka sako ukun, ƙafafunsu a kumbure. Suka ce shi an raba su da shi, an miƙa shi ga wata daba can cikin daji sosai. An ce haka suke yi, wata daba ta karɓi mutum daga hannun wata. Daga nan kira ya tsaya. Yaya ya kira lambar har ta daina shiga.

Ni kuma na ɗauki wayar daga taga. Na kai ta caji shagon bakin layi, na dawo na zagaya yatsana yadda yake yi, ta buɗe. Ba wani abu nake nema ba sai muryarsa. Na riƙa hawa sama a guruf ɗin ina kunna tsofaffin saƙonninsa, in rage sauti in kara a kunne ina ba jariri nono. Duk maganar ƙwallo ce da tsokana. Ba inda ya ambace ni. Amma a wani saƙon ana jin tarin yarinyarmu a bayansa, da ƙarar ludayina a tukunya.

Da farko guruf ɗin addu'a kawai ake yi. Da kwanaki suka ja, sai wani ya turo labarin ciniki, wani ya amsa, a hankali suka koma yadda suke. Ban ji haushinsu ba. Sai dai duk sanda wani ya ce "an sayar da wane", sai in kashe wayar in je in taɓa ƙirjin jariri in ji yana numfashi.

Akwai abin da na sani wanda ba su san na sani ba. Shekara biyu kafin nan wani direba a cikinsu ya rasu. Bayan sadakar arba'in suka taru, suka zuba 'yan wasansa duka sha ɗaya a kwando, har da ukun da yake riƙe da su, suka ba wani kujerarsa. Ranar nan maigidana ya dawo bai ci tuwo ba. Ya ce da aka juye takardun sai ya ji kamar an sake zuba ƙasa a kabari.

Saura kwana biyar ranar riƙo, Ciyaman ya yi sallama a zaure, tare da Yaya. Na sa hijabi na tsaya daga bakin ƙofa.

"Ƙanwata, ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

Ya daɗe yana murza tef ɗin awo da ke wuyansa. Ya ce, "Wallahi kunyar kawo maganar nan nake ji, don wasa ne. Amma dokarmu ta ce kowa da bakinsa zai riƙe. Mun taɓa yin wanda ya rasu, mun taɓa yin wanda ya bar gari ya ce a ba wani. Ba mu taɓa yin irin wannan ba. Kuma sai da sha biyu wasan ke tafiya. Akwai wani malamin asibiti da ya daɗe yana jiran kujera."

Yaya ya ce, "Haba Ciyaman. Muna cikin wannan hali ana maganar ƙwallo? Ku zuba su a kwandon ku ba mutumin, in Allah ya dawo da shi ya sake shiga."

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yaya, kar a zuba."

Suka juyo.

"Na direba aka zuba."

Wata kaza ta shigo zauren ta fita. Yaya ya kawar da kai wajen bango.

Na ce, "Ni zan faɗa masa ukun."

Ciyaman ya ce, "Bakin mai shi, ƙanwata, haka doka ta ce."

"Wayar mai shi ce. Ta cikinta zan faɗa."

Ya ce zai kai wa jama'a. Da yamma na ji su a guruf. Wani ya ce mace ba ta taɓa shiga ba. Wani ya ce a tausaya mini a raba ni da wannan wahala. Sai ga muryar mai faci: "Ni na yarda ta riƙe masa. Amma ba sassauci. In ƙungiyarsa ta zo ta ƙarshe, babur sai ya wanke, ko ranar da ya dawo ne, kafin ya sha ruwa." Wani ya ce masa ba shi da imani. Ni kuwa sau biyar na maimaita saƙon nan. Tun ranar Talatar can, shi ne mutum na farko da ya yi maganar maigidana kamar wanda ya je Kaduna zai dawo.

Muna da maƙwabciya, Bagwariya ce, Kirista, tana koyarwa a firamare. Malama muke ce mata. Ita na kai wa wayar, don labaran da Turanci suke. Ta sa tabarau ta ce, "Maman yara, ni ko ƙwallon ban sani ba, amma kawo." Kwana uku muna zama a ƙarƙashin mangwaronsu bayan ta taso daga makaranta, tana karantawa tana fassara mini.

Biyu ba su ba ni wahala ba. Akwai ɗan tsakiya da yake nan inda yake, ba abin da ya taɓa shi. Akwai ɗan baya da aka sayar daga benci zuwa ƙaramar ƙungiya, na gane wannan ya tashi, don ƙwayar wake ce aka cire daga tuli aka sa a gaba. Na ukun ne matsala: ko mutuminsa, ko matashin nan da wuri ya buɗe masa.

Malama ta ce, "Duk masu rubutun nan abu ɗaya suke faɗa. Wancan ba zai samu wuri ba."

Ciyaman ma ya aiko mini ni kaɗai: "Ƙanwata, tsakani da Allah, matashin za ki riƙe. Da shi ne ma haka zai yi."

Wataƙila haka zai yi. Shi da kansa ya nuna mini a faifai. Amma abin da ya ce na ƙarshe shi ne sai ya yi tunani, kuma bai gama tunanin ba aka ɗauke shi. Na riƙa ganin sa ya shigo a rame, an yi masa wanka, ya ci abinci, ya yi barci kwana biyu, sannan ya miƙa hannu taga ya buɗe wayar ya ce, "Uwargida, ina mutumina?" Me zan ce? In ce na ga ba shi da amfani a inda yake yanzu, na sake shi?

Ranar Juma'a bayan la'asar na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Sau uku ina dannawa ina gogewa. A na huɗu na yi sallama, na faɗi sunan ɗan tsakiya, na faɗi na ɗan baya, na faɗi na mutuminsa. Na ce, "Waɗannan ya riƙe." Sauran takwas Ciyaman ne ya cike masa daga abin da ya rage a kwando. Matashin kuwa mai faci ya ɗauke shi tun zagayen farko.

Aka fara kaka. Gidan kallon ba shi da nisa da mu, in iska ta juyo muna jin ihunsu ranar Asabar da yamma. Litinin Ciyaman ya turo jerin maki. Na koyi gane siffar sunan mutuminsa, yadda harafin farko yake da doguwar ƙafa. A gabansa sifili. Wata Litinin, sifili. Matashin nan kuma sai ci yake yi wa mai faci. Yarinyata, da ba ta cika shekara huɗu ba, ta koyi leƙa wayar ta kafaɗata ta ce, "Mama, bai buga ba?" In ce, "Bai buga ba."

Wata rana Malama ta nuna mini shi a bidiyo. An haska benci, ga shi zaune cikin ƙatuwar riga, hannuwansa tsakanin gwiwoyi, yana kallon fili. Na ce, "Malama, ya rame." Ta ce, "Kai Maman yara, wannan fa abin da yake ci a rana ɗaya ya ishi layinmu." Ta fara dariya, sai ta dube ni, ta daina.

Sau ɗaya ya ci. Cikin sanyi ne, an sa shi saura 'yan mintuna a tashi, ƙwallo ta bugi gwiwarsa ta shiga. Guruf ya rikice da saƙonni, mai faci yana ihu yana cewa, "Bargo ya yi aiki!" Ni kuma sai na sa wa raina cewa alama ce. Na san bai kamata ba, na yi istigfari, amma na kasa cire shi. Washegari na share ɗaki har ƙarƙashin gado, na wanke rigarsa ta Juma'a, na yi dambun masara da zogale yadda yake so. Na zauna ina sauraron babura, na manta cewa nasa ma tare da shi aka tafi da shi. Da yamma na raba dambun ga yaran maƙwabta.

Da kaka ta ƙare, gab da saukar ruwa, ƙungiyar maigidana ce ta ƙarshe, da nisa. Mai faci ne na ɗaya. Ba wanda ya tayar da maganar babur a guruf. Ni na tayar. Na aika masa cewa ya kawo shi ƙofar gida, zan wanke a zaure, tunda ni na yi zaɓen.

Ya amsa, "Allah ya kiyaye, matar abokina. Ba ke na kayar ba. Shi nake jira. Wallahi babur ɗin nan ba zai ga ruwan bokiti ba sai ya zo ya durƙusa a gabansa, in kira duk 'yan tasha su yi kallo."

Haka kuwa ya yi. Damina ta sauka, jar lakar garinmu ta hau babur ɗin, ta bushe, wata ta hau kanta. Ta layinmu yake bi in zai je shago. Ina leƙensa ta kafar ƙofa. Har mutane suka fara yi masa tsiya, yana cewa, "Akwai mai wankinsa, yana hanya."

A hutun nan ne labari ya zo cewa babbar ƙungiyar ta gaji, ta mayar da mutuminsa tsohon gidansa aro. Nan da nan ya zama abin nema. Waɗanda suka ce in sake shi bara su ne suka riƙa aiko wa wayar saƙo: a ba ni shi in ba da biyu, a ba ni shi in ba da golana na ɗaya. Ciyaman ya ce, "Ƙanwata, ashe ke kika fi mu gani." Ban gaya masa ba gani na yi ba. Amma ranar na yi dariya har Malama ta leƙo ta katanga. Na ce a raina, to ga shi na ajiye maka shi har ya dawo da darajarsa, saura kai.

Saura kamar sati biyu ranar riƙo, wasu mutum biyu suka zo neman Yaya. Manoma ne daga wani ƙauye, ba su daɗe da fitowa daga daji ba. Sun ce daba ɗaya aka ajiye su da shi. Sun kwatanta shi, har tabon lauje da ke hannunsa na hagu. Sun ce zazzaɓi ne, kwana shida. Su biyun ne suka roƙa aka bar su suka yi masa wanka da ruwan rafi, suka sallace shi, suka rufe shi a gindin wata kanya. Yaya ya tambaye su yaushe. Suka ce ba su san kwanan wata ba, amma lokacin an fara yankan gero, don suna hango shi a wata gona da aka gudu aka bari.

Na lissafa da yatsu daga baya. Ranar da na rufe ƙofa na faɗi ukun nan, yana raye. Wannan na riƙe shi. Ranar da na yi dambu kuwa, ya yi watanni a ƙasa.

An yi zaman makoki na kwana uku. A rana ta biyu na aika a tambayi limamin unguwarmu yadda zan fara takaba. Ya zo da kansa, ya zauna a zaure ya ce, "'Yata, daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar da labari ya iso ba. Wata huɗu da kwana goma sun wuce tuni. Takabarki ta fita."

Na ce, "Malam, ban yi ba fa. Na sa lalle da Sallah. Na sa turare ranar da na yi zaton yana hanya."

"Ba ki sani ba, ba laifi a kanki."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma sauƙi ne addini ya yi mini. Amma sai na ji an bar ni hannu sake. Ban ga gawarsa ba, ban san inda kanyar take ba, arba'in ta wuce, takaba ta wuce ina kallon sifili a waya. Duk abin da mace ke yi wa mijinta in ya rasu, ba wanda ya rage mini.

Sai ɗaya.

Ciyaman ya sake zuwa zaure ana gobe riƙo. Ya ce sun yi shawara su sha ɗaya, kujerar tawa ce in ina so, har abada, kuma a bana ba wanda ya kai ni abin riƙewa. Na yi masa godiya. Na ce ya ba ni takarda da almakashi.

Da hantsin Juma'a na zauna a tabarma na yanka ta gida sha ɗaya. Na buɗe wayar ina kallon sunayen ina kwafa harafi bayan harafi, don ban iya karanta su ba. Na mutuminsa na bari ƙarshe, shi ne kaɗai ban duba ba na rubuta. Na naɗe su a gefen tsohon rawanin da maigidana ya gada, na kira Yaya. Na zaci zai ce mini wasa ne. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun gaba, ya ce, "Ni zan kai."

Bayan la'asar na danna wayar sau ɗaya. Na yi sallama na ce, "Bana bai riƙe kowa ba. Ku zuba su a kwando. Allah ya saka muku da alheri, ku yafe masa tsokanar da ya yi muku."

Yaya bai dawo ba sai gab da magariba. Ya tsaya a tsakar gida ya ba ni labari, shi da bai taɓa kallon ƙwallo ba. Ya ce da hannunsa ya juye takardun. Malamin asibitin da ya hau kujerar shi ke da zaɓen farko, tunda kujerar ce ta zo ta ƙarshe. Kowa ya san wanda ya kamata ya ɗauka. Ya tsallake shi ya ɗauki wani. Na biyu ma haka. Aka yi zagaye ɗaya, aka yi na biyu, takardar tana kwance a kwando kowa yana kauce mata. A na uku mai faci ya miƙe ya ce, "Wallahi ba zan iya kallon sa a nan ba, kamar wanda ba shi da kowa." Ya ɗauka, ya fara cewa wani abu na tsokana, bai ƙarasa ba. Ya sa takardar a cikin hularsa ya fita.

Washegari da safe ina shara a ƙofar gida ya wuce. Bai tsaya ba, ya dai rage gudu ya sunkuyar da kai. Babur ɗin a wanke yake tas, har ƙarafunan ƙafa. An ce shi kaɗai ya wanke shi a bayan shagonsa, ba wanda ya yi ihu. Na manta ashe shuɗi ne.

Ciyaman bai cire lambar daga guruf ba, ni ma ban fita ba. Na daina buɗe jerin Litinin, tsofaffin saƙonni kawai nake hawa in saurara. Asabar ɗin da aka fara sabuwar kaka ina yi wa ƙaramin wanka a baho, iska ta juyo daga wajen gidan kallo da ihu mai ƙarfi, irin wanda a da nake cewa yau akwai awara. Wayar ta fara ƙara a kan taga, saƙo bayan saƙo.

Yarinyata ta bar wasanta ta zo ta tsaya a gabana.

"Mama, ya buga?"

Na ce, "Ya buga."

Na goge hannuna a zane, na je na kife wayar kusa da kwalbar mai, na dawo na ci gaba da zuba wa ƙanenta ruwa.